Farautar Elk a Cikin Ruwan Sama

A ƙasarmu, farauta aikin rani ne. Sai an gama girbi, ciyawa ta bushe, sa'an nan maharba su shiga daji. Amma a arewa maso yammacin Amurka, a jihohin Washington da Oregon, lokacin da doka ta yarda a yi farautar wata babbar dabba mai suna elk yakan faɗo ne daga watan Satumba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da ruwan sama yake kankama a can. Saboda haka maharbin wurin dole ya san abin da ruwa yake ba shi da abin da yake ƙwace masa.

Elk dabba ce mai kofato, mai cin ciyawa da ganye. Ta fi gwanki girma, gama namiji yakan kai kilo 300 zuwa 450. Namiji ne kaɗai yake da ƙaho, ƙahon kuwa mai rassa ne kamar itace. Kowace shekara yakan faɗi wajen watan Maris, wani sabo ya tsiro. Irin da yake zaune a dazuzzukan bakin teku na waɗannan jihohi ana kiransa elk na Roosevelt, don tunawa da Shugaba Theodore Roosevelt, wanda a 1909 ya keɓe wani yanki na tsaunukan Olympic domin kare su. A kwarin kogin Hoh da ke wannan yanki, ruwan da yake sauka a shekara yakan kai milimita 3,500, wato fiye da ninki biyu na abin da Jos take samu.

Amfanin ruwa na fari ga maharbi shi ne shiru. Elk tana da kunne ƙwarai. A busasshiyar rana, ganye ɗaya da ya taka ko ƙirare ɗaya da ya karye ya isa ya kore garke duka. Amma in an yi yayyafi, ganyayen da suke ƙasa sun yi laushi, ƙarar ɗigon ruwa kuma tana rufe motsin ƙafarsa. Na biyu shi ne sawu. Ruwa yakan share tsofaffin sawaye, don haka duk sawun da ya gani a taɓo da bakinsa a fili, ya san dabbar ba ta daɗe da wucewa ba. Na uku, ruwa yana nuna masa inda dabbar take. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, elk sukan fake a ƙarƙashin itatuwa masu duhuwa su kwanta. Da ruwan ya ɗauke sai su fito kiwo a sarari. Maharbi mai haƙuri yakan zauna a bakin irin wannan fili yana jiran wannan lokaci. Sai dai ruwa bai toshe hancin dabbar ba. Tilas ne ya tafi iska tana bugun fuskarsa, in ba haka ba warinsa zai riga shi isa.

To, ga abin da ruwa yake ƙwacewa. Dabba mai girma haka ba kullum take faɗuwa nan take ba in an harbe ta. Takan ruga cikin kurmi, maharbi kuma ya bi ɗigon jininta har ya same ta. Ruwa mai ƙarfi yakan wanke jinin nan cikin ɗan lokaci kaɗan. Sai dabbar ta je ta mutu a inda ba wanda zai gan ta, bayan ta sha azaba, naman kuma ya ruɓe a banza. Ga hazo yana rufe madubin hangen nesa da ke kan bindiga. Domin wannan ne ƙwararrun maharba suke cewa a ranar ruwa a matso kusa sosai kafin a yi harbi, in kuwa ba a tabbata ba, a sauke bindiga a bar dabbar ta tafi. Gara mutum ya koma gida hannu rabbana da ya bar rauni a daji.

Akwai haɗari ga ran maharbin kansa. Jiƙaƙƙen tufafi yana zuƙe ɗumin jiki da sauri, in kuwa zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, sai rawar ɗari ta kama shi, hankalinsa ya rikice, har yana iya mutuwa ko da ba a yi ƙanƙara ba. Shi ya sa suke guje wa rigar auduga, su sa ta ulu, wadda take riƙe ɗumi ko ta jiƙe. Masu bindiga kuma sukan ɗora riga mai launin ruwan lemo domin kada wani maharbi ya ɗauke su dabba a cikin hazo. Bayan an yi sa'a ma aiki bai ƙare ba. Za a feɗe, a raba naman kashi-kashi, a rataye shi ƙarƙashin tampol don kada ya jiƙe ya lalace, sa'an nan a yi ta jigilarsa a baya har bakin hanya.

Me ya sa suke kiyaye waɗannan ƙa'idodi haka? Domin sun taɓa ganin hasara. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa akwai elk wajen miliyan 10 a Amurka ta Arewa. Kisa ba iyaka ya sa a farkon shekarun 1900 ba su kai 100,000 ba. Sai aka kafa dokoki: lokacin farauta, da lasisi, da adadin da mutum zai kashe. A 1937 aka yi dokar da ta sa harajin bindigogi da harsasai ya riƙa tafiya wajen kiyaye namun daji. Yau yawansu ya koma wajen miliyan 1. A jihohi da yawa laifi ne mutum ya kashe dabba ya bar namanta ya lalace.

'Yan makaranta, Littafin Karin Magana 12:27 ya zargi raggon da yake kama nama amma ba ya ko gasa shi. Allah ya ba ɗan adam iko a kan dabbobi, amma iko ne na mai riƙon amana, wanda za a tambaye shi. Maharbin da ya jiƙe sharkaf tun asuba, ya ga elk a gabansa, ya kuwa fasa harbi don ya san ruwa zai ɓatar masa da sawun jini, ya fahimci wannan amana. Mu ma da muke ganin gwanki da barewa suna ƙarewa a dazuzzukanmu, ya kamata mu yi tunani a kan haka.