Idan Jini Ya Daina Isa Hanji

Hanji, kamar kowace gaɓa, da jini yake rayuwa. Manyan jijiyoyi 3 ne ke kai masa jini daga babbar jijiyar da ta taso daga zuciya. Idan hanya ta toshe, cikin kimanin awa 6 hanji kan fara mutuwa, ya ruɓe, gubarsa ta bazu a jiki.

Sanadin abin iri-iri ne. Akwai gudan jini da ke ɓallowa daga zuciyar da bugunta ya rikice. Akwai kitse da ke cushe jijiyoyin dattawa, musamman masu hawan jini, ciwon sukari, ko shan taba. Akwai faɗuwar ƙarfin jini bayan gudawa mai tsanani ko zubar jini. A nan Arewacin Gana kuwa, wanda muka fi gani shi ne gwaiwa da ta maƙale ta shaƙe hanji, da kuma murɗewar hanji. Sau da yawa magidanci kan ɓoye gwaiwa shekara da shekaru saboda kunya, sai ranar da ta ƙi komawa.

Alamomin su ne ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, amai, kumburin ciki, rashin fitar tusa, ko jini a bayan gida. Wani kuma ciwon kan taso masa ne jim kaɗan bayan cin abinci, har ya riƙa tsoron ci, ya rame.

In an ga haka, kada a ba shi maganin wankin ciki ko jiƙo, kada a danna kumburin da ƙarfi, kada ya ci ko ya sha. A garzaya da shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974, yana da likitocin tiyata. Bayan gwaji da hoto, akan sa ruwa, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da na hana daskarewar jini inda ya dace, a buɗe hanyar jini, ko a yanke ɓangaren da ya mutu a haɗe sauran.

Rigakafi dai ya fi magani. A gyara gwaiwa tun tana komawa, a sabunta katin inshorar lafiya, masu ciwon zuciya kuma su tuntuɓi likita kafin azumi, domin shari'a ta yi wa marar lafiya sassauci. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.