Asirin Jirgin Katako na Cousteau

Mutumin Gidan Sori ba shi da teku a kusa, amma kifin ƙanƙarar da ake saukewa a kasuwar Maraɗi daga can yake zuwa, don haka labarin masu kare teku ya shafe mu. Cikin jiragensu babu wanda ya kai Calypso suna, jirgin Bafaranshen nan Jacques Cousteau. Abin ɗaure kai shi ne, a zamanin jiragen ƙarfe, me ya sa wannan jikinsa katako ne?

Bin sawu ya kai mu Seattle ta Amurka, inda aka saka shi ruwa a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ba shi da suna a lokacin, sai lamba: J-826. Aka miƙa shi ga sojan ruwan Ingila, ya nufi Bahar Rum. Aikinsa share nakiyoyin da abokan gaba suka dasa a ruwa. To, wasu nakiyoyin da maganaɗisu suke aiki, da sun ji ƙarfe sai su tashi. Ashe katakon nan garkuwa ce.

Sunan fa? Bayan yaƙi ya koma jirgin fito tsakanin tsibiran Malta da Gozo, can aka raɗa masa Calypso.

Saura tambaya ɗaya: ina hafsan sojan ruwa kamar Cousteau ya samo kuɗin jirgi? Bai saya ba. Wani attajiri, Thomas Loel Guinness, ya sayi jirgin a 1950, ya ba Cousteau hayarsa a kan tamma guda ta Faransa a shekara. Aka yi wa jirgin ɗan ɗaki mai tagogi a goshi, ƙarƙashin ruwa, don kallon kifaye.

Gaskiya ba daga farko Cousteau ya zama mai kare teku ba. A fim ɗinsu da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a 1956, ma'aikatan jirgin har nakiya suka tayar don ƙirga kifi, abin da ke sosa mini rai. Shekarun yawo ne suka nuna wa Cousteau ɓarnar da ake yi wa teku, har a 1960 ya tsaya kai da fata kan kada a zuba sharar nukiliya a Bahar Rum.

Jirgin da nakiya ba ta ci ba, wani jirgin dakon kaya ne ya buge shi a tashar Singafo a Janairun 1996, ya nutse. An tsamo shi, Cousteau ya rasu a 1997. A 2016 aka kai jirgin Turkiyya gyara, gobara ta kama shi a 2017.