Kwalta ko pabe mai shan ruwa: wanne ya fi arha?

Har yanzu mutanen Maraɗi ba su manta da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ba, wanda ya ci rayuka ya kuma rushe gidaje. Kwanaki kaɗan bayansa, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. A duk damina tambaya guda ce masu saurare ke aiko mana a gidan rediyo: ina ruwan unguwa zai bi?

Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Kwalta da daɓen siminti ba su shan ruwa, duk ɗigon da ya sauka kansu sai ya gangara ƙofar wani. Shi ya sa hanyar kwalta ba ta cika sai da magudanar ruwa, kuma gina ta da yashe ta kowace shekara kuɗi ne masu yawa da ba a cika ambata ba ranar buɗe hanya.

Pabe mai shan ruwa dabam yake da wanda muka saba gani a titunan Tawa da Yamai, inda titin kansa ke kwashe ruwa ya kai shi gangare. Shi wannan, ana barin tsaga tsakanin tubalan a cika ta da ƙananan tsakuwa, a ƙasa kuma a shimfiɗa tsakuwa mai kauri wadda ke riƙe ruwa har ƙasa ta shanye. Haƙa mai zurfi da jigilar tsakuwa su ke sa yakan fi tsada a ranar farko. Amma yana rage girman magudanar da za a gina, kuma in bututun famfo ya fashe, a cire tubalan a gyara a maida su. Kwalta kuwa sai an fasa an yi faci. Ga kuma aikin yi ga matasan da ke buga tubalan su jera su da hannu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: maganin nan ba na ko'ina ba ne. Rairayi da ƙurar hunturu na toshe tsagar, in ba a sharewa, kuɗin sun tafi a banza. Ƙasar jigawa irin ta Maraɗi na shan ruwa da sauri, amma inda laka take, ko dutse ke kusa kamar a Damagaram, ruwan ba ya da wurin shiga. Kusa da masai da rijiyoyi ma sai an yi hattara. Manyan motocin kaya kuma sun fi ƙarfinsa; wurinsa lungunan unguwa, farfajiyar makarantu da bakin kasuwa.

Kiranmu ga magadan gari shi ne, kafin su sa hannu kan kwangila, su nemi lissafi cikakke: kuɗin shimfiɗa, na magudana, na gyara har shekara 20, da na gidajen talakawa da ruwa ke ci. Arha dai, in ji Hausawa, ba ta ado. Allah ya ba mu damina mai albarka.