Giyar ƙafa huɗu: yaushe ake saka ta, yaushe ake cire ta?

Hilux ta cika garuruwanmu, haka Land Cruiser da Prado. Amma tara masu tuƙa su ka tambaye su aikin ƙaramar giyar nan da ke gefen babbar, ko maɓallin da aka rubuta wa H2, H4 da L4, ka ji amsoshi. Wani tun da ya sayi motar hannunsa bai kai wurin ba. Wani kuwa ya ji an ce tana ƙara ƙarfi, sai ya saka ta ya bar ta, da ita yake zuwa ofis, da ita yake zuwa ɗaurin aure. Na biyun nan shi bakanike ya fi so.

A Hilux da ire-irenta, idan kana H2 tayoyin baya kaɗai ke tura mota. Ka koma H4, sai a ɗaure farfelar gaba da ta baya su riƙa juyawa daidai wa daida. To a kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. A kan yashi ko laka ba matsala, taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin. Busasshiyar kwalta kuwa riƙe taya take yi gam, sai ƙarfen ciki ya yi ta murɗewa. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota na tirjewa a kwana, tayoyi na kuka, giyar ta ƙi fita. Mai yana ƙonewa a banza, taya na cinyewa, kuma wata rana wani abu zai karye a ƙarƙashi, abin da ba ya araha. Idan ta riga ta ƙi fita, kada ka yi kokawa da ita. Miƙe sitiyari, ka ja da baya taku kaɗan, za ta saki.

Ba kowace mota ke da wannan halin ba, shi ya sa tilas mutum ya san irin tasa. Prado da manyan Land Cruiser na zamani kullum da ƙafa huɗu suke tafiya, domin akwai na'ura a tsakiya mai raba juyi tsakanin gaba da baya. Su abin kiyayewa shi ne maɓallin da ke kulle wannan na'urar: kada a danna shi a kan kwalta. RAV4 da Highlander da CR-V kuma ba su da L4 sam. Suna taimako a santsi, amma ba a yi su don tudun rairayi ba, ko da dillali ya rantse maka.

Babbar ƙa'ida ita ce a saka tun kafin a shiga wahala. Da ka sauka daga kwalta ka hango yashi ko taɓo, lokacin ke nan. A yawancin motocin yanzu ana shiga H4 mota na tafiya, sai dai a sassauta gudu a miƙe sitiyari. L4 daban take: sai ka tsaya cik, ka taka kuloci, ko ka mayar da giya firi idan mai canza kanta ce. Tana rage gudun taya kusan ninki biyu da rabi, ta mayar da shi ƙarfin ja. Ita ce ta hawa mai tsini da duwatsu, da yashi mai zurfi, da janyo wata motar, da saukowa gangare irin na tsaunin Mambila, inda inji zai riƙe maka mota ba sai birki ya yi zafi ba. Ba giyar gudu ba ce. Mai tsohuwar Hilux ko Land Cruiser irin ta daji ya tuna da makullin da ke tsakiyar tayoyin gaba. In bai sauka ya murɗa su zuwa LOCK ba, ko ya saka giyar, tayoyin gaba kallo kawai suke yi.

Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko rairayin Yusufari a Yobe, sun san cewa a yashi iskar taya ta kusa fin giya muhimmanci. Sukan rage ta zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci don taya ta baje ta hau bisa yashin. Sai dai da an dawo kwalta a mayar da iskar, domin gudu da taya mara iska fashewa ne. Idan kuma mota ta fara nutsewa, ɗaga ƙafa daga totur. Duk juyin da taya ta yi a wuri ɗaya rami take haƙa maka. Gwada ribas a kan sawunka, in ta ƙi, shebur. Baƙar lakar firki ta wajen Dikwa da Gamboru ita ko in ta cika zanen taya, ƙafa huɗun duk santsi suke yi, wani lokacin haƙuri har ƙasa ta sha iska ya fi.

Abin da ya fi kashe mutane, a ganina, shi ne ruɗin da motar ke sa wa direba. Ƙafa huɗu na taimaka wa mota ta tashi ta tafi, ba ta ƙara mata birki ko kaɗan. Kowace mota, har ƙaramar tasi, birkinta a taya huɗu yake. Ga nauyi, ga tsayi, don haka jif ta fi jinkirin tsayawa kuma ta fi saurin kifewa a kwana. Haka batun ruwa da damina. Kamfanin Toyota ya ƙayyade wa sabuwar Hilux zurfin santimita 70, shi ma a ruwa mai kwanciya, a tafiyar hankali. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗauke babbar mota, kuma taya mai shawagi ba ta san H4 ba. Ko bai tafi da kai ba, inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska ya gama aiki. In ba ka ga kan kwalbati ba, ka jira.

Wanda ya kafe aka zo jansa, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka tanada jikin shasi, ban da ƙwallon jan tirela, wanda kan tsinke ya tashi kamar harsashi. 'Yan kallo su ja baya, musamman yara.

Shi kuma wanda bai taɓa saka giyar ba, kada ya ɗauka adana ta yake yi. Littafin wasu motocin Toyota ya ce a yi tafiyar aƙalla kilomita 16 da ita kowane wata don mai ya zagaya kayan gaba. Samu hanyar burji ka yi hakan, ka kuma tabbata tayoyin huɗu girmansu ɗaya ne kafin ka saka.