Kirefish da jatan lande a Kogin Kwara

Kirefish halittar ruwan daɗi ce mai ɓawo da ƙafafu 10, biyun gaba manya ne masu kama da almakashi irin na ƙaguwa. Akwai nau'o'insa fiye da 600 a duniya, mafi yawansu a Arewacin Amurka, sai Ostareliya. Babban yankin Afirka ba shi da kirefish na asali ko guda, sai tsibirin Madagaska mai nau'o'i 7 na dangin Astacoides. Saboda haka abin da ake samu a Kogin Kwara, har da ɓangarensa da ya ratsa ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, jatan lande ne da ƙaguwa.

Suna

Kalmar aro ce daga Turanci, kuma ma'anarta ta sauya a bakin 'yan Najeriya. Kirefish ɗin da ake aunawa a kasuwa don miya busasshen ƙaramin jatan lande ne, wanda ake kamawa a gaɓar teku, musamman a Akwa Ibom da Kuros Riba, a kawo shi Arewa cikin buhu. Ɗalibin da ya karanta labarin kirefish mai mamaye ruwa ya kamata ya san ba wannan ake nufi ba.

Jatan landen gida

Mafi girma a kogunan Afirka ta Yamma shi ne Macrobrachium vollenhovenii. Yana girma a kogi, amma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗan gishiri na bakin teku, daga nan su hauro kogi. Madatsun Kainji (1968) da Jebba suna tsakanin Bagudo da teku, sun tare wannan hanya.

Asarar ta wuce ta miya, domin wannan jatan lande yana cin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. A Senegal, bayan an kammala madatsar Diama a 1986, jatan lande ya yi ƙaranci a saman kogin, dodon koɗi ya yawaita, tsargiya ta ɓarke a garin Richard-Toll. Da masu bincike suka sake zuba shi a ruwan ƙauyen Lampsar, sai dodon koɗin ya ragu.

Baƙon kirefish

Jan kirefish na Luwiziyana a Amurka, Procambarus clarkii, shi ya fi yaɗuwa a Afirka. An zuba shi a Tafkin Naibasha na Kenya a 1970, ya cinye tsirran ruwa, yana kuma ɓata kifin da ya faɗa raga kafin masunci ya zo. A Masar ya shiga Kogin Nilu a shekarun 1980, inda yake haƙa ramuka a gefen magudanan ban ruwa har su zube. Wani nau'in daga Ostareliya, Cherax quadricarinatus, ya kuɓuce daga wuraren kiwo ya bazu a Kogin Kafue na Zambiya da Tafkin Kariba. A Madagaska kuwa akwai baƙon da dukkansa mata ne, yana hayayyafa ba tare da namiji ba, yana barazana ga na gida.

Kariya a yankin Bagudo

Kusan ko'ina mutane ne suka kai shi da hannunsu, don kiwo ko don ado, kuma da wuya a kawar da shi idan ya kafu. Yanayin Bagudo irin wanda yake so ne: ruwa mai ɗumi, fadamun shinkafa da kunyoyin laka masu sauƙin haƙa. Kogin yana shigowa Najeriya ta wajen Lolo bayan ya wuce Gaya a Nijar da Malanbil a Benin, don haka abin da aka saki a can ambaliya za ta iya kawo shi Illo cikin damina ɗaya. Dokar ƙasa guda ba ta isa ba, sai da haɗin kan Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe 9 da ke da hedikwata a Yamai. A Najeriya, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa ce ke nazarin halittun wannan ruwa, amma masunta da sarakunan ruwa su ne za su fara ganin baƙuwar halitta a cikin gura.