KASUWAR TSOFAFFIN MOTOCI A ƘAUYEN BYULI

Daga Wakilinmu

A cikin watan Satumba Allah ya nufa na yi 'yar tafiya zuwa Ingila, har na ci wata kasuwa wadda ban taɓa ganin irinta ba. Kasuwa ce ta tsofaffin motoci da kayan gyaransu, ana cinta sau ɗaya a shekara, ran Asabar da Lahadi, a wani ƙauye da ake rubuta sunansa Beaulieu amma mutanen wurin suna kiransa Byuli. Ƙauyen yana kudu maso yammacin London, tafiyar mil 90 ko kusa da haka, ba nisa da Southampton, garin jiragen ruwa.

Na shiga jirgin ƙasa da sassafe a tashar Waterloo, muka yi wajen sa'a ɗaya da rabi, na sauka a Brockenhurst, daga nan mota ta ƙarasa da mu. Abin da ya fara ba ni mamaki a hanya shi ne dawaki da jakuna da na ga suna kiwo a sake, har su tsaya a tsakiyar titi, direba kuwa tilas ya jira su wuce.

Asalin al'amarin daga gidan sarautar ƙauyen ne. Cikin 1952 Lord Montagu ya buɗe gidansu ga masu yawon kallo, ya ajiye tsofaffin motoci biyar a zaure don tunawa da mahaifinsa, wanda yana cikin mutanen farko da suka rungumi mota a Ingila, shi ne ma ya fara shiga harabar Majalisar Dokoki da mota cikin 1899. Motoci suka yi ta ƙaruwa har zaure ya kasa ɗaukarsu. Cikin 1972 aka buɗe babban gidan ajiye motocin tarihi na ƙasa a nan, yanzu kuwa akwai motoci da babura fiye da 250 a ciki. Ita kasuwar an fara cinta cikin 1967. Lord Montagu ya rasu cikin 2015, amma ba a fasa ba.

To, wanda ya san Ladipo a Ikko ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san rabin labarin. Fili ne makeke, an kafa rumfuna layi layi, a shekarun da kasuwar ta cika sosai sukan kai 2,000. Ga fitilu, ga sitiyari, ga lagireto, ga fulogi cikin kwalinsa na asali, ga littattafan gyaran mota da suka yi ja don tsufa. Ciniki ake yi kamar na gida, a yi tayi, a ce albarka, mai saye ya yi kamar zai tafi, a kira shi. Akwai mutane daga Faransa da Jamus da Holan, wasu sun zo da ɗan ƙarfen da ya lalace a aljihu, suna bi rumfa rumfa suna gwadawa ko za su dace da ɗan'uwansa.

Gefe guda kuma ga motocin kansu a jere, waɗansu na sayarwa, waɗansu masu su sun kawo ne kawai don a gani. Na ga Morris Minor, wadda aka fara ƙerawa cikin 1948 aka daina cikin 1971, da Mini ta 1959, da Land Rover irin wadda joji da likitan dabbobi suka riƙa shiga da ita ƙauyukanmu. Akwai ma masu ƙarfen nan a gaba wanda sai an murɗa shi da hannu kafin inji ya tashi. Yawancin masu motocin dattawa ne. Kowa ya buɗe kan motarsa, ya kafa kujera a gefe, ga butar shayi, in ka yi masa tambaya ɗaya sai ya ba ka labarin motar tun daga ranar da ta fito daga kamfani. Da yawa suna riƙe da takardun motar kaf, har da rasit na gyare-gyaren da aka yi mata shekara da shekaru.

Gwamnatinsu ma tana taimakawa. Motar da ta wuce shekara 40, in an yi mata rajista a matsayin ta tarihi, ba a biya mata harajin hanya, tun daga 2018 kuma an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a sāke mata kamanni sosai ba.

Ran Lahadi aka ba masu ƙaramin jari dama, kowa ya zo da motarsa ya buɗe but ya baje tarkacen garejinsa. Ni kuwa sai na shiga gidan tarihin. A nan na ga Golden Arrow, wadda ta yi gudun mil 231 cikin sa'a a 1929, da Bluebird ta Donald Campbell, wadda ta yi mil 403 cikin sa'a a ƙasar Ostareliya cikin 1964. 'Yan makaranta suna zagayawa ana yi musu bayani.

Ina cikin kallo sai tunanin gida ya zo mini. Cikin 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, a shekarar kuma kamfanin Volkswagen ya fara aiki a Ikko. Fijo 504 ta yi mana bauta. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce tasi, ita ce ta kwaso da yawa daga cikin iyayenmu daga Kano da Sakkwato zuwa Kurmi. Yau ina suke? Akasarinsu sun tafi wurin 'yan gwangwan, an sare su da gatari an auna a kan sikeli. Masu wannan sana'a a Ikko da Ibadan da Anaca kuwa, mu ne, 'yan Arewa. Ba laifi ba ne, neman halal ne. Amma mutum yana iya sayar da lafiyayyar fitila ko sitiyari na 404 a kuɗin kilo, alhali akwai mai nemansa ido rufe.

Saboda haka ga 'yar shawara ga 'yan'uwa masu wannan harka. Kafin a sare tsohuwar mota, a duba lambar inji da ta bodi da takardunta. A cire fitilu da tambari da agogon gudu da hannun ƙofa a ajiye dabam, kada ruwa ya taɓa su. Wanda kuma ya gaji mota a gida, ya ɗora ta a kan duwatsu ƙarƙashin rumfa, ya adana takardunta, kada ya yi gaggawar rabuwa da ita.

Mu ma ba a bar mu a baya ɗungum ba. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976, ga hudojin harsashi nan a jikinta har yau. Mutanenmu nawa ne mazauna Agege da Idi-Araba da Obalende suka taɓa kai 'ya'yansu su gan ta? Wanda ya sami sarari ran Asabar, ya daure ya kai su.

Allah ya sa mu dace, amin.