Bashin Ɗan Kasuwa: Ƙofofin Da Ke Buɗe Kafin A Karye

A kasuwannin ƙasar nan, daga babbar kasuwar Yamai zuwa ta Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram, babu maganar da ɗan kasuwa ke tsoro kamar a ce wane ya karye. Karyewa ba ta zuwa da shela. Sai dai a ga kanti ya kwana biyu a rufe, yaran kanti sun watse, daga baya a ji mai shi ya yi tafiya ba sallama, masu bin sa bashi kuwa suna ta zarya a ƙofar gidansa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsakanin ranar da ciniki ya fara tangaɗi da ranar da za a yi gwanjon kaya, doka ta tanadi ƙofofin fita, kuma biyu mafi sauƙi daga cikinsu rufewa suke yi idan mutum ya yi jinkiri.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Fataucin ƙasar nan ma bisa bashi aka gina shi. Babban attajiri ya karɓi lamuni a banki ya sauke kaya, ya ba yaransa bisa amana, su kuma su rarraba wa masu tebur da ƴan kasuwar ƙauye, kowa yana jiran na ƙasa da shi ya biya domin shi ma ya biya na sama. Igiya ce guda, in ta tsinke a wuri ɗaya kowa sai ya ji a jikinsa. Sau da yawa kuma abin da ke tsinka ta ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya ta kuma canja takardun naira, ba a buɗe ba sai watan Maris na 1986, ga fari ya zo a shekarar 1984 ɗin. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi, duk wanda ake bi bashi da kuɗin waje ya wayi gari bashinsa ya ninka. An sake rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan a 2023 zuwa farkon 2024. Ba a buƙatar mutum ya zama mai almubazzaranci kafin irin wannan ta kada shi.

Bashin da aka ƙi tunkara da wuri bai tsaya kan ƴan kasuwa kaɗai ba. Bankin raya ƙasa, BDRN, wanda aka kafa a 1961, ya raba lamuni mai yawa a zamanin da uraniyom ke da tsada. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, basussukan suka ƙi dawowa, daga manyan ƴan kasuwa da kamfanonin gwamnati, har aka rushe bankin a 1990, SONIBANK ta gaje shi. Wanda ya ba da bashi da wanda ya ci, rami guda suka faɗa.

Dokar da ke kula da wannan sha'ani a yau ta ƙungiyar OHADA ce, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta ranar 17 ga Oktoba 1993 a birnin Port-Louis, Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta. An zartar da kundin da ya shafi biyan basussukan masu sana'a a Libreville a 1998, aka sabunta shi a Grand-Bassam ranar 10 ga Satumba 2015. Tun daga sabuntawar, kundin bai tsaya ga kamfani da mai kanti ba, ya haɗa da mai sana'ar hannu da manomi da duk mai aikin kansa. A Yamai akwai kotun kasuwanci da ta fara aiki a 2016. Inda ba a kafa irinta ba, babbar kotun wurin ce ke sauraron irin waɗannan al'amura.

Ginshiƙin kundin magana ɗaya ce da ya kamata kowane mai ciniki ya fahimta, ita ce tsayawar biya. A idon doka, mutum ya tsaya da biya idan kuɗin da zai iya fitarwa nan take bai kai ya biya bashin da wa'adinsa ya cika ba. A misali, ga ɗan kasuwa mai sito cike da shinkafa ta miliyan 30, yana da gida biyu da mota, amma banki na neman miliyan 8 da lokacinsu ya yi, ga kuɗin duwan da lanho, shi kuwa abin da ke hannunsa da ajiyarsa ta banki duka miliyan 2. A unguwa attajiri ne. A gaban alƙali kuwa, in masu binsa ba su ɗaga masa ƙafa ba, ya tsaya da biya, domin gida da buhunan da ba a sayar ba ba sa biyan bashin yau. Daga wannan rana doka ta ba shi kwana 30 ya je ya sanar da kotu. Kafin ranar kuwa, zaɓi na hannunsa.

Ƙofar farko ita ce sasantawa, wadda aka shigar cikin kundin a 2015, ita ce kuma ta fi dacewa da halin mutanen ƙasar nan, domin a asirce ake yin ta. Ɗan kasuwar da ya ga wahala ta zo, ko ya hango ta tafe, zai rubuta wa shugaban kotu, shi kaɗai ko tare da wasu masu binsa, ya bayyana halin da yake ciki, ya haɗa da lissafin abin da ake binsa da abin da yake bi. Shugaban kotu zai saurare shi a ɗaki rufe, ya naɗa mai sasantawa na wata 3, ana iya ƙara wata 1. Duk wanda ya san maganar, doka ta ɗaure bakinsa. Ɗan kasuwar yana nan a kantinsa, makulli na hannunsa, ba wanda ya karɓe masa ragamar dukiya. Mai sasantawa zai zauna da banki da manyan masu bashi a nemi a tsawaita wa'adi, ko a yafe wani kashi na ruwan kuɗi, ko a rarraba biya wata wata. In an daidaita, ana iya ajiye takardar wurin noter, ko a kai kotu ta tabbatar da ita.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Tun kafin zuwan banki, idan falke ya shiga uku, mai masaukinsa ko sarkin kasuwa ko wani dattijo da ake jin nauyinsa shi ke tara masu bashi a zaure, a roƙi wannan ya yi haƙuri zuwa kaka, wancan ya bar rabi. Har yau ana yin haka, kuma yana aiki matuƙar masu bashin ƴan gari ɗaya ne da ke haɗuwa a biki da jana'iza. Inda zaure ke gazawa shi ne idan cikin masu bashi akwai banki, wanda ma'aikacinsa ba shi da ikon yafe ko dala sai da takarda, ko kamfanin Kwatano ko Lome da bai san dattijon ba. Kundin ya ƙara wani abu da zaure ba ya iya bayarwa: wanda ya yarda ya zuba sabon kuɗi ko sabon kaya domin a ceci cinikin, cikin yarjejeniyar da kotu ta tabbatar, to in abin ya lalace daga baya shi za a fara biya kafin sauran. Wannan tanadi ne ke sa mai kuɗi ya yarda ya taimaki wanda ke tangaɗi.

Ƙofa ta biyu ita ce rigakafin kotu, ga wanda wahalarsa ta yi tsanani amma bai kai ga tsayawar biya ba. A nan shi ne zai kawo wa kotu tayin yadda zai biya, da matakan da zai ɗauka domin gyara cinikinsa. In shugaban kotu ya ga tayin mai ma'ana ne, sai ya dakatar da duk ƙararraki da kamun kaya har wata 3, da ƙarin wata 1, ya naɗa gwani ya binciki littattafai. Albashin ma'aikata ba ya cikin abin da ake dakatarwa. Shi ma ɗan kasuwar an ɗaure masa hannu: ba zai zaɓi wani cikin tsofaffin masu binsa ya biya a ɓoye ba, ko da surukinsa ne. Wa'adin da ake bayarwa ba ya wuce shekara 3, na albashi kuwa shekara 1. Tsadar wannan hanya ita ce asiri ba ya rufuwa, domin ana buga hukuncin kowa ya gani.

Akwai kuma wata ƴar ƙaramar ƙofa ga wanda mutum ɗaya ne ya matsa masa. Dokar karɓar bashi ta OHADA ta yarda alƙali ya duba halin wanda ake bi da buƙatar mai bi, ya ɗage biya ko ya rarraba shi, iyaka shekara 1. Ba a yin haka ga kuɗin ciyar da iyali, ko bashin da aka sa wa hannu a takardar kuɗi irin ta cek.

Wanda ya riga ya tsaya da biya, hanya biyu ta rage masa. In cinikin na da sauran numfashi, kotu za ta sa shi a hanyar farfaɗowa, ta naɗa wakili mai suna sindik ya riƙa sa hannu tare da shi, masu bashi kuma su jefa ƙuri'a kan tayinsa. Sai mafi yawansu sun yarda, kuma abin da suke bi ya kai aƙalla rabin dukan bashin. In babu numfashi, sai a cire hannunsa daga dukiyar, a sayar, a raba bisa jerin da doka ta tsara.

Abin takaici shi ne yadda kunya ke tura mutanen kirki su yi abin da ke rufe musu duk waɗannan ƙofofi. Mutum ya ga wa'adin banki ya matso, sai ya ɗauki suminti ko sukari bashi a kan jika 5, ya karyar a kan jika 4 domin ya sami kuɗi a hannu, ko ya je wurin mai ba da kuɗi da ruwa mai nauyi ya toshe rami da wani ramin da ya fi shi zurfi. Kundin ya ambaci waɗannan dabaru biyu da sunansu, ya kuma lissafta su cikin laifin da ake hukunta mai shi idan an yi su domin a jinkirta bayyanar karyewa. Wani kuma ya mai da gida da sunan matarsa ko ƙanensa. Kotu na da ikon komawa baya har wata 18 ta tsaida ranar da aka tsaya da biya, kyautar dukiya da aka yi daga ranar kuma ba ta hana masu bashi kai hannu gare ta. Ɓoye littattafai da karkatar da kaya kuwa babban laifi ne.

Masu ba da kaya bashi su ma akwai abin lura gare su. A fiƙihun Malikiyya da malaman ƙasar nan ke karantarwa, wanda ya sami kayansa yadda suke a hannun wanda ya tsiyace yana da ikon ɗaukar abinsa. A kundin OHADA kuwa, sai in an rubuta tun farko cewa kayan na mai su ne har a gama biya, aka kuma shigar da sharaɗin a rajistar kasuwanci. Wanda ya ba da kaya da baki kawai, layi zai bi tare da sauran.

Kada mai ƙaramin kanti ya ɗauka duk wannan na manyan alhazai ne. Kundin 2015 ya sauƙaƙa takardu da wa'adi ga ƙaramar sana'a, wato wadda ma'aikatanta ba su wuce 20 ba, cinikinta na shekara kuma bai wuce miliyan 50 ba. Sai dai kowace hanya aka bi, abin da za a fara tambaya shi ne lissafi: wa ke binka, nawa ne, yaushe wa'adi, kai kuma wa kake bi. Wanda ya fito daga makarantar yaƙi da jahilci yana iya riƙe wannan da littafi guda na jika ɗaya, shafin hagu abin da ya shigo, shafin dama abin da ya fita, da kwanan wata a gefen kowane layi.